Yadda Ake Ɗanɗana Farar Giyar Chardonnay ta Bourgogne da Gane Wadda Za Ta Jure Ajiya

Kwalbar farar giyar Faransa mai daraja irin ta Meursault ko ta Chablis kuɗi ne mai nauyi, kuma hanyoyi biyu ne aka fi ɓata ta da su. Ko dai a buɗe ta tun ba ta nuna ba, ko kuwa a jibge ta a wuri mai zafi har ta mutu a cikin kwalba ba wanda ya sani. Na rubuta wannan jagora ne domin 'yan'uwa masu aiki a otal-otal da manyan gidajen abinci, da masu kula da sito, da kuma waɗanda addininsu bai hana su sha ba. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ba sa kai giya baki, kuma ido da hanci sun ishe su gane fiye da rabin abin da za a faɗa a nan. Matakin baki ana iya barin wa abokin aiki.

Ka riƙe abu ɗaya tun daga farko: abin da ke sa farar giya ta daɗe tana ƙara kyau shi ne tsaminta da nauyin inabin da ke cikinta. Ƙamshin ganga da tsadar kwalba ba su ne ke riƙe ta ba.

Mataki na farko: karanta takardar jikin kwalba

A Bourgogne, yankin da ke gabashin Faransa inda inabin chardonnay ya samo asali, ba kasafai ake rubuta sunan chardonnay a jikin kwalba mai daraja ba. Sunan wuri ake rubutawa, domin a wajensu ƙasar da aka shuka inabin ita ce ke magana. Har Hukumar UNESCO ta sanya gonakin yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2015.

Darajar hawa huɗu ce. A ƙasa akwai wadda aka rubuta wa Bourgogne ko Mâcon kawai. Sama da ita sai ta ƙauye, mai ɗauke da sunan gari irin su Meursault, Puligny-Montrachet, Chassagne-Montrachet ko Saint-Aubin. Sai Premier Cru, inda za ka ga sunan ƙauye haɗe da sunan gona, misali Meursault Perrières ko Meursault Charmes. A can ƙoli kuma Grand Cru, wadda sunan gonar kaɗai ke kanta, kamar Montrachet, Chevalier-Montrachet, Bâtard-Montrachet da Corton-Charlemagne. Duk Grand Cru na yankin, fari da ja, bai kai kashi 2 cikin 100 na giyar da ake yi a Bourgogne ba.

Akwai tarko biyu da ke kama sababbin ma'aikata. Na farko, Puligny-Montrachet giyar ƙauye ce, Montrachet kuwa gona ce guda mai faɗin kusan hekta 8 da ƙauyukan Puligny da Chassagne suka raba tsakaninsu. Ƙauyukan ne suka ɗauki sunan gonar suka liƙa a nasu a 1879, kuma bambancin farashi tsakanin kwalaben biyu ya ninka sau da yawa. Na biyu, Pouilly-Fuissé chardonnay ce daga kudancin Bourgogne, amma Pouilly-Fumé daga bakin kogin Loire take, kuma da wani inabi daban ake yin ta, sauvignon. Baƙon da ya nemi ɗaya aka kawo masa ɗaya zai gane da shaƙar farko.

Chablis tana can arewacin Bourgogne, ta fi sauran yankin kusa da Faris, kuma tana da nata hawan: Petit Chablis, Chablis, Premier Cru, da Grand Cru mai gonaki bakwai a gangare guda da ke kallon kogin Serein, wato Les Clos, Vaudésir, Valmur, Grenouilles, Blanchot, Bougros da Les Preuses. Ƙasar wurin farar ƙasa ce mai laka, cike da ɓawon ƙananan kawa na tsohon teku. Sanyin wurin na sa giyar ta fito da tsami mai kaifi.

Daga nan ka dubi shekarar girbi. 2014 ta yi suna wajen farar giya mai tsami mai kyau da juriya. 2003 shekarar tsananin zafi ce a Turai, inabi ya nuna fiye da kima, tsami ya yi ƙasa. A 2021 sanyi mai daskarewa ya ƙone tohon inabi a watan Afrilu, girbi ya yi ƙaranci ƙwarai, farashi ya hau. Amma a ganina sunan mai yin giyar ya fi shekara nauyi. Gwani a shekara mai wuya ya fi ragon manomi a shekarar albarka.

Mataki na biyu: sanyi da kofi

A nan aka fi yin kuskure a gidajen abinci. Ana tsoma kwalbar cikin bokitin ƙanƙara har ta yi sanyin lemon kwalba, sai ƙamshin ya kulle, a baki kuma ba a jin komai sai tsami. Chablis tana son digiri 10 zuwa 11 a ma'aunin Selshiyas. Meursault da Puligny da manyan Grand Cru sun fi buɗewa a digiri 12 zuwa 14. Firjin gida yana sauka wajen digiri 4, don haka a fito da kwalbar ta ɗan huce kafin a zuba. A ɗaki mai zafi ba ta daɗewa take wuce iyaka, sai a riƙa mayar da ita bokiti na ɗan lokaci ana cirewa.

Kofin ya zama na gilashi mai ƙafa, mai faɗin ciki, baki a tsuke. A tabbata ba ya warin sabulu ko na kabad. A zuba kashi ɗaya cikin uku kawai, a riƙe ƙafar kofin don kada ɗumin hannu ya shiga. Wanda zai yi wannan aiki ya bar turare a ranar, ya kuma nisanci goro da barkono da sigari kafin lokacin.

Mataki na uku: ido

Karkata kofin a kan farin ƙyalle. Sabuwar Chablis fara-fara ce da ɗan kore a gefe. Wadda ta kwana a ganga tana da launin ciyawar da ta bushe. Da shekaru sai ta juya zuwa ruwan zinariya. Abin da za ka tambayi kanka shi ne ko launin ya dace da shekarunta. Giya mai shekara huɗu da ta riga ta yi ruwan zuma mai duhu tana gaya maka cewa iska ta shige ta. Idan ka ga 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar sukari a gindin kwalba ko a jikin toshiya, kada ka damu, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ya daskarar, ba ya cutarwa.

Mataki na huɗu: hanci

Shaƙa sau ɗaya kafin ka girgiza kofin. Wannan shaƙar ta neman aibi ce. Idan ka ji warin jiƙaƙƙen kwali ko na ɗakin da ya yi fumfuna, toshiyar ce ta lalata giyar da wani sinadari da ake kira TCA. Babu gyara, kuma iska ba ta kore shi, ƙaruwa ma yake yi. Idan ka ji kamar tuffa da aka yanka aka bari ta yi ja, ga launi ya yi duhu, to iska ce ta cinye ta.

Wari na uku kuwa yana rikita mutane: kamar an ƙyasta ashana, ko an buga dutse da dutse. Wannan yana fitowa ne daga giyar da aka tsare daga iska sosai lokacin yin ta. Idan kaɗan ne, ba aibi ba ne, wasu masu yin giya ma da gangan suke neman sa, kuma galibi alama ce ta giyar da ba ta gaji ba. Girgiza kofin, ko ka juye kwalbar cikin tulun gilashi na rabin awa. Idan ya ragu, ƙamshin 'ya'yan itace ya fito, shi ke nan. Idan ya koma warin ruɓaɓɓen ƙwai ya ƙi tafiya, wannan kam aibi ne.

Yanzu girgiza kofin a hankali ka sake shaƙa, ka rarrabe abin da kake ji gida uku. Akwai na inabin kansa: lemun tsami, ɗanyar tuffa, farin fure, a shekarar zafi kuma har da ɗan abarba. Akwai na aikin hannu. Ƙamshin man shanu yana zuwa ne daga tsimawa ta biyu da ake kira malolactique, inda ƙwayoyin bakteriya ke juya tsami mai kaifi irin na tuffa ya koma mai laushi irin na nono. Ƙamshin burodi yana zuwa daga guggubin yisti da ya kwanta a gindin ganga, wanda wasu ke motsawa da sanda, aikin da suke kira bâtonnage. Ƙamshin banila da hayaƙi kuwa na gangar katakon oak ne, wadda a Bourgogne take ɗaukar lita 228, kuma giya kan zauna a cikinta daga kusan shekara ɗaya zuwa wata 18. Gida na uku na shekaru ne: zuma, gasasshiyar gyaɗa, kakin zuma, wani lokaci ɗan ƙamshin naman kaza.

Lissafin da za ka yi mai sauƙi ne. Idan duk abin da kake ji na gida na farko ne da na biyu, giyar yarinya ce. Idan na uku ya fara shigowa amma lemun tsamin yana nan daram, ta kai lokacinta mafi kyau. Idan na uku kaɗai ya rage, ta fara gangarowa, a sha ta yanzu.

Mataki na biyar: baki

Kurɓa kaɗan, ka juya ta ko'ina a baki, ka ɗan ja iska ta tsakanin leɓɓa. Masu wannan sana'a tofarwa suke yi a wani mazubi, domin wanda zai gwada kwalabe da yawa ba zai haɗiye ya ci gaba da gane komai ba.

Fara da tsami. Bayan ka tofar, sunkuyar da kai ka lura da yadda yawu ke tsattsafowa a gefen harshe. Idan ya zo da yawa kuma ya ɗauki lokaci, tsamin yana da ƙarfi. Jar giya tana da ɗacin ɓawon inabi da ke kare ta tsawon shekaru. Farar giya ba ta da wannan garkuwa sai kaɗan, don haka kusan duk nauyin yana kan tsami. Giyar da ta zo maka da laushi da daɗi tun tana shekara biyu, ba wani kaifi a ƙarshenta, ta ba ka duk abin da take da shi ke nan. Ajiye ta shekara goma ba zai ƙara mata komai ba sai gajiya.

Amma tsami shi kaɗai bai isa ba. Sai ka nemi abin da ke tsakiya, wato cikar ɗanɗano bayan kurɓar farko ta wuce. Wata giyar tana da tsami amma tsakiyarta fayau take kamar an surka da ruwa, abin da kan faru idan an bar kurangar ta yi 'ya'ya fiye da kima. Irin wannan idan ta tsufa, 'ya'yan itacen za su tafi su bar tsami tsirara. Wadda za ta jure ita ce mai kauri a tsakiya, tana da tsamin da ke riƙe da kaurin, har ka ji kamar tana ɗaure, ba ta gama sakin kanta ba.

Sannan ka lura da ganga. A sabuwar giya mai daraja ba laifi a ji katako, shekaru za su narkar da shi. Tambayar ita ce ko akwai isasshen inabi a bayansa. Idan ɗanɗanon ƙarshe da ya rage maka na banila ne da ɗacin katako, ba na lemu ko gishiri-gishiri ba, ganga ta fi ƙarfin giyar, kuma lokaci ba ya gyara wannan. Haka ma ƙarfin barasa. Yawancin waɗannan giyoyin barasarsu tana tsakanin kashi 12.5 da 13.5 cikin 100. Idan ka ji zafi yana bin maƙogwaro, ma'aunin ya karkace.

Na ƙarshe shi ne tsawo. Ƙirga daƙiƙoƙin da ɗanɗanon ke ɗauka kafin ya ɓace. Giyar yau da kullum tana tafiya nan da nan. Premier Cru mai kyau tana wuce daƙiƙa goma, babbar Grand Cru kuwa tana zama har ka manta kana ƙirgawa. Ban san wata alama da ta fi wannan faɗin gaskiya game da darajar giya ba.

Akwai gwajin da nake ganin ya fi kowane amfani ga mai sito. A bar rabin kwalbar, a mayar da toshiya, a sa a firji, a sake gwadawa washegari. Idan ta ƙara buɗewa ta fi jiya daɗi, tana da sauran shekaru a gaba. Idan ta kwanta ta yi lami, sauran kwalaben irinta a sayar da su da wuri.

Mataki na shida: shekara nawa?

Wannan ƙiyasi ne na kwalbar da ta samu ajiya mai kyau tun daga ranar da ta bar gona. Bourgogne da Mâcon da Petit Chablis, a sha cikin shekara biyu zuwa huɗu. Giyar ƙauye, uku zuwa bakwai. Premier Cru, biyar zuwa goma sha biyu. Grand Cru irin su Les Clos da Corton-Charlemagne sukan buƙaci shekara takwas zuwa goma kafin su nuna kansu, kuma masu kyau suna kai ashirin ko fiye. Babbar kwalba mai lita ɗaya da rabi, magnum, tana tsufa a hankali fiye da mai mililita 750, saboda iskar da ke wuyanta kaɗan ce idan aka kwatanta da yawan giyar. Wasu giyoyin kuma sukan yi shiru na ɗan lokaci bayan shekarun farko, ƙamshi ya janye. Kada a yi gaggawar yanke musu hukunci idan tsami da kauri suna nan.

Dole a faɗi wata matsala da ta girgiza amincin masu ajiye farar Bourgogne. Tun daga girbin wajajen 1995 da 1996 aka fara samun kwalabe masu tsada suna tsufa tun lokacinsu bai yi ba. Giya mai shekara biyar ko shida sai a buɗe a tarar ta yi duhu ta mutu, alhali ta kusa da ita a cikin akwati ɗaya lafiyarta ƙalau. A sana'ar ana kiran abin premox. An ɗora laifin a kan abubuwa da dama: rage sinadarin farar wuta da ke kare giya daga iska, rashin ingancin toshiya, yawan motsa guggubi, da sababbin injinan matse inabi masu matsa a hankali. Gidaje da yawa sun sauya aiki, wasu sun koma toshiyar da aka sarrafa daga niƙaƙƙen ɓawon itace, irin ta kamfanin Diam, kuma lamarin ya ragu. Duk da haka shawarata ita ce kada ka sayi kwalba guda ka jingina mata buri na shekara goma sha biyar. Ka sayi shida, ka buɗe ɗaya a shekara ta uku ko ta huɗu, ka rubuta launi da ƙamshi da tsami a littafi, sannan ka riƙa buɗe ɗaya duk bayan shekara ɗaya ko biyu. Da ka ga launi yana gudu fiye da shekaru, ka daina jira.

Mataki na bakwai: ajiya

Duk lissafin da ke sama ya dogara ne da ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin na Bourgogne, mai sanyin digiri 12 zuwa 13 rani da damina, mai duhu, mai danshi wajen kashi 70 cikin 100. Wanda ke riƙe da sito a Abuja ko Yamai ba shi da wannan, kuma gara ya san haka tun kafin ya kashe kuɗin maigidansa. Zafi yana gaggauta tsufa, kuma ba tsufa mai kyau ba: giyar dahuwa take yi. Abin da ya fi zafin ma muni shi ne hawa da sauka. Na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki da rana, a ɗauke wuta da dare, giyar ta kumbura ta tsuke, kowane zagaye yana tura toshiya yana jawo iska. Iskar hunturu kuma tana busar da toshiya daga waje.

Saboda haka ana buƙatar firji na musamman na giya, a saita shi a digiri 12, a haɗa shi da wutar da ba ta yankewa, ko inbata ko sola. Kwalabe a kwance, domin giyar ta riƙa taɓa toshiya. A nisanta su da hasken rana da fitila mai ƙarfi, da girgizar janareta, da ɗakin girki. Firjin gida ya isa na makonni ko 'yan watanni, amma ya yi sanyi da bushewa da yawa ga ajiyar shekaru.

Ka kuma tuna cewa kwalbar ta yi tafiya kafin ta iso hannunka. Kwantena da ta zauna a rana a tashar jirgin ruwa ta Legas ko Kwatano tana iya kashe giyar kafin a sauke ta. Tambayi dillali ko a kwantena mai sanyi aka kawo kayan. Duba kowace kwalba: toshiya ta turo sama, ko akwai danƙo a wuya da tabo a takarda, ko giyar ta sauka ƙasa da yadda ya kamata? Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa dalilin mayarwa. Ɗaga ta ga haske ka kwatanta launinta da na 'yan'uwanta na akwati ɗaya, ka ware wadda ta fi duhu.

Idan ba ka da tabbacin wuta, Grand Cru ba taka ba ce. Ka sayi Chablis ta ƙauye, ko Saint-Aubin, ko Pouilly-Fuissé, wadda ta samu nata gonakin Premier Cru a 2020. Ka zaɓi girbin kwanan nan, ka sayi kaɗan-kaɗan, ka rubuta ranar shigowar kowane akwati a jikinsa, wanda ya riga shigowa ya riga fita, kuma kada ka bar kwalba ta wuce shekara guda a sito.